Ajin Ƙanana Sai Gwanin Malami

Iyaye mata da ke tsakar gida, magidanta da ke hira a ƙofar gida da rediyo a gefe, da malaman makaranta da suka taso aiki a gajiye, ina gaishe ku baki ɗaya.

Sharhinmu na yau a kan malamin ƙananan yara ne. A yawancin makarantunmu mace ce ke wannan aiki. Don haka za ku ji ina yawan cewa malama, amma maganar ta haɗa har da maza. Ita ce mai riƙe da rabin aji a firamaren gwamnati. Ita ce wadda yara ke kira anti a nazaren makarantar kuɗi. Ita ce ke zaune da 'yan ajin farko a Islamiyyar unguwa. Yaran da ke hannunta 'yan shekara uku ne, da huɗu, da biyar.

Maganata guda ɗaya ce, kuma za ku ji na maimaita ta kafin mu rabu. Yaran da suka fi ƙanƙanta a makaranta, su ya kamata a ba malamin da ya fi iya aiki.

Bari mu fara da yadda ake yi a yanzu.

Farkon zangon karatu, hedimasta ya zauna rabon azuzuwa. Malamin da ya fi ƙwazo a kai shi aji shida, saboda jarrabawar shiga sakandare na tafe, kuma da sakamakonta ake auna makaranta. Mai bi masa a ba shi aji biyar. A haka ake gangarowa. Kafin a iso rabin aji, wanda ya rage shi ake turawa. Wani lokaci sabuwar malama ce da ba ta taɓa tsayawa gaban yara ba. Wani lokaci dattijuwa ce da ake so ta ɗan huta kafin ritaya. A makarantun kuɗi na cikin lungu kuwa, sau da yawa yarinya ce da ta gama sakandare bara, tana jiran gurbin karatu, aka ɗauke ta a kan albashin da ba ya kai ta tsakiyar wata. Ba laifinta ba ne. Ba wanda ya koya mata aikin. An dai miƙa mata yara da alli da tsumagiya, aka ce ta hana su ƙiriniya har a tashi.

In ka tambayi dalili, amsar a shirye take. Ai raino ne kawai. Me ake koya wa ɗan shekara huɗu?

To, jama'a, wannan tambayar zan amsa. Ku biyo ni mu shiga ajin.

Ku dubi yaro ranar da aka fara kai shi makaranta. Tun da aka haife shi bai taɓa yini a hannun baƙo ba. Yayarsa ta ja shi har ƙofar aji, ta saki hannunsa, ta ruga nata ajin kar ta makara. Ya waiga babu fuskar da ya sani. Sai kuka. Malamar da ba ta san aiki ba za ta daka masa tsawa, ya yi tsit don tsoro. Wadda ta san aiki kuwa durƙusawa za ta yi, har idonta ya yi daidai da nasa. Ta kira shi da sunan da ake kiransa a gida. Ta tambaye shi wa ya saya masa wannan takalmi mai kyau. Ta nuna masa inda randar ruwa take, da inda zai je in fitsari ya matse shi. Ta ce masa in an buga ƙararrawa yayarsa za ta dawo ta ɗauke shi. Da aka buga, sai ga yayar. A ranar yaron nan bai koyi harafi ko ɗaya ba. Amma ya koyi cewa makaranta wuri ne da ake faɗa masa gaskiya, kuma ba a cutar da shi. A kan wannan ne duk sauran karatunsa zai hau.

Yaron da ke cikin tsoro ba ya ɗaukar karatu. Idonsa na kan tsumagiya, kunnensa na jiran tsawa. Ko ya san amsa ba zai buɗe baki ba. In ya saba da haka tun yana ɗan shekara huɗu, da wuya ya sake ɗaga hannu a aji. Mu kuma sai mu ce yaro ne mai kunya, ko mu ce daƙiƙi ne.

Yanzu sai mu zo ga babban aikin, wato harshe da kunne. A nan zan ɗan daɗe, domin a nan muka fi yin asara.

Karatu a kunne yake farawa kafin ya zo ido. Kafin yaro ya gane harafi a kan allo, dole kunnensa ya fara rarrabe sauti. Ya ji cewa masara da mangwaro da makaranta duk da murya ɗaya suka fara. Ya ji cewa tulu gaɓa biyu ce, tattabara kuma huɗu. Gwanar malama da tafi take koyar da wannan. Ta kira sunan yaro, aji ya tafa gaɓoɓinsa. A-mi-na, tafi uku. Mu-sa, tafi biyu. Yara na dariya, suna rige-rigen a tafa nasu sunan. Mai wucewa ta taga zai ce wasa ake yi. Wasan kuwa ake yi, kuma shi ne karatun. Ranar da aka rubuta wa yaron nan “ma” a kan allo, sautin da ya riga ya sani ne aka nuna masa kamanninsa. Hausa kuma ta yi mana gata a nan, don yawanci yadda ake furta ta haka ake rubuta ta. Yaron da ya kama gaɓoɓi, ba ya jimawa yake fara haɗa kalma.

Haka kuma tatsuniya. Malama ta zaunar da su a tabarma, ta kawo labarin Gizo da Ƙoƙi. Ta kai tsakiya sai ta tsaya. Ta ce, “To, me kuke gani Gizo zai yi yanzu?” Hannuwa su tashi. Wannan ya faɗi nasa, wancan ya musa. In an gama ta ce wani ya tashi ya maimaita labarin tun daga farko. Me aka fara yi? Me ya biyo baya? Don me Gizo ya sha wuya? Yaron da ya iya wannan, shi ne gobe zai karanta shafi ya gaya maka abin da shafin ke nufi. Ga kacici-kacici, ga waƙoƙin gaɗa, ga maganganun karya harshe da muka taso da su. Duk kayan aiki ne, kuma ba a sayen ko ɗaya.

To ku kwatanta da abin da muke ji daga tagogin makarantu da yawa. Malama ta ce “A for apple”, yara hamsin su amsa da ƙarfi. Ta sake, su sake. Daga safe har tara. Yaron ya dawo gida yana rerawa, uwa ta ji daɗi, ta ce ɗanta ya fara Turanci. Amma ɗauko takarda ka nuna masa harafin shi kaɗai, a tsakiyar wasu. Sai ya yi zuru. Waƙa ya haddace. Bai san me ya faɗa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi ra'ayinsa a kan komai yini guda.

Kar a fahimce ni a baibai. Ba na ƙin yaro ya iya Turanci, ko Faransanci ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi. Zai buƙace shi, kuma ya kamata ya riƙa jinsa a baki tun da wuri, cikin waƙa da gaisuwa da sunayen abubuwa. Abin da nake cewa shi ne, yaro ya fi saurin gane yadda karatu yake a harshen da yake tunani da shi. In ya gane sau ɗaya, zai ɗauki wannan ganewa ya kai ta wani harshen. An gwada wannan a ƙasar nan. Tun 1970 marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma aka riƙe shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. A nan Arewa ma an yi shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, inda aka fara koya wa 'yan ƙananan azuzuwan firamare karatu da Hausa.

Kuma ai iyayenmu sun san tsarin nan tun kafin zuwan boko. Ku tuna makarantar allo. Ba a ɗora wa kolo rubutu ranar da ya zo. Da baki ake fara biya masa, yana ji yana maimaitawa. Daga nan a shiga babbaƙu, ya san haruffa ɗaya bayan ɗaya. Sai farfaru, a sa musu wasali. Malam ne ke rubuta masa allo har zuwa lokacin da hannunsa zai nuna. Mataki ne bayan mataki, ba a tsallake. Wannan hikimar ya kamata mu riƙe. Dorina ce kawai ban ga dalilin da za mu gada ba, a makarantar allo ko ta boko, balle a jikin ɗan shekara huɗu.

Tunda na ambaci hannu, bari in taɓa shi a gurguje. Yatsun ƙaramin yaro ba su gama ƙwari ba. In ka damƙa masa fensir ka ce ya cika shafi, wahala kawai zai sha, ya tsani rubutu. Gwanar malama yumɓu take ba shi ya mulmula. Ta ba shi zare ya shirya murafen kwalba da aka huda. Ta bar shi ya yi zane da yatsa a kan rairayi, ya share, ya sake. Ƙirga ma haka. Yaro na iya rera ɗaya zuwa ɗari bai san mene ne biyar ba. Amma zuba masa ƙwallayen dabino a gabansa, ka ce ya ba Hadiza uku ya ba Sani biyu, sannan ya gaya maka wa ya fi yawa. Nan lissafi ya fara.

Akwai kuma wani darasi da ba a rubuta shi a katin sakamako. Jiran layi. Sauraron wani har ya gama magana. Mayar da abin wasa inda aka ɗauko shi. Ƙarasa aikin da aka fara. Faɗin “ban ji daɗi ba” a maimakon kai duka. Yara biyu na jan 'yar tsana ɗaya, kowa na kuka. Malama ba ta ƙwace ta ta ɗora a kan kabad ba. Ta zauna tsakaninsu ta ce, “Wa ya fara ɗauka? To, ke ki goya ta har mu gama waƙar nan, sannan ki miƙa wa 'yar'uwarki.” Kuma ta tabbatar an miƙa. Tambayi duk malamin aji ɗaya, zai gaya maka cewa ya fi son a kawo masa yaron da ya iya zama ya saurara, a kan wanda ya haddace haruffa amma ba ya iya natsuwa minti biyar. Manomi ya san wannan. Sharar gona ba shuka ba ce, amma wanda bai yi ta da rani ba, shi ke cizon yatsa da kaka.

Sannan gwanar malama ido gare ta. Ita ce za ta lura cewa wannan yaron ba ya waigowa in an kira shi ta baya, ta duba ta ga mugunya na fita daga kunnensa. Ita ce za ta ga wata na ƙanƙance ido in tana kallon allo. Ita za ta gane wanda ke gyangyaɗi kullum da safe saboda bai karya ba. Ita za ta hana aji yi wa mai in'ina dariya, ta ba shi lokaci ya ƙarasa maganarsa. In ta gani ta gaya wa iyaye da wuri, sau da yawa magani kaɗan ne a asibitin unguwa. In ba wanda ya lura, yaron zai yi shekaru ana dukansa a kan abin da ba laifinsa ba.

Masu sauraro, shin wannan duk raino ne kawai? Wannan aiki ne na ilimi, kuma sai an koye shi. Shi ya sa nake cewa, yaran da suka fi ƙanƙanta su ya kamata a ba malamin da ya fi iya aiki.

Wani zai ce, mai sharhi, wannan ra'ayinka ne, ina hujja? To bari mu leƙa waje kaɗan.

A shekarar 1962, a wani ƙaramin gari mai suna Ypsilanti a jihar Michigan ta Amurka, an fara wani gwaji a makarantar Perry. An ɗauki yara 123, 'ya'yan talakawa baƙar fata, 'yan shekara uku zuwa huɗu. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka sa su ajin ƙanana, awa biyu da rabi kowace safiya, a hannun ƙwararrun malamai. Kowace malama yara biyar ko shida ne nata. Kuma duk mako tana zuwa gidan yaro ta zauna da mahaifiyarsa. Ɗaya kashin ba a sa su ba. Aka yi ta bibiyar su har suka kai shekara arba'in. Waɗanda suka shiga ajin sun fi yawan gama sakandare, sun fi samun aikin yi da kuɗin shiga, kuma 'yan sanda ba su kama su kamar sauran ba.

Ga abin da ya fi jan hankalina a labarin. Fifikon da yaran suka nuna a gwajin kaifin ƙwaƙwalwa, bayan 'yan shekaru a firamare ya dushe. Amma ribar rayuwa ba ta dushe ba. Masanin tattalin arziki James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2000, ya yi nazarin sakamakon. Ya nuna cewa babban abin da ya zauna a jikin yaran shi ne hali: natsuwa, da kame kai, da iya zama da mutane. Wato dai abin da malamar nan ke koyarwa lokacin da take raba rigimar 'yar tsana.

Wani kuma zai ce, ai wannan Amurka ce, masu kuɗi. To mu je Jamaika. A birnin Kingston, a tsakiyar shekarun 1980, an bi gidajen talakawa inda ake da ƙananan yaran da suka tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Ma'aikatan lafiya na unguwa aka horar. Kowane mako su je gida su yi awa guda, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa. Kayan wasan ma na gida ne, da tarkacen robobi da ƙyallaye aka haɗa su. Shekara biyu aka yi ana haka. Bayan shekara ashirin aka koma aka nemo yaran. Kuɗin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Babu ginin bene a wannan labari, babu kwamfuta. Mutum ne da aka horar, ya san yadda ake magana da yaro.

Ko sunan Montessori da muke gani a allunan makarantu masu tsada, asalinsa a unguwar talakawa ne. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya. A 1907 ta buɗe ajinta na farko a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum, domin 'ya'yan leburori da ke gararamba in iyayensu sun tafi aiki. Ɗan talaka aka fara yi wa wannan gata, kuma har gobe shi ya fi buƙatarsa, domin shi ne ba shi da littafi a gida.

Yanzu mu dawo gida, mu tambayi hukuma.

A takarda ba a bar mu a baya ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta sa kula da ƙananan yara a cikin tsarin ilimin tushe. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta tanadi shekara guda ta share fagen shiga firamare. Ta ce malami ɗaya ga yara 25. Ta ce a koyar da su ta hanyar wasa. Kwalejojin ilimi da dama suna da sashe na musamman da ke ba da shaidar NCE a fannin koyar da ƙananan yara. Maƙwabtanmu na Ghana ma, dokar iliminsu ta 2008 ta sa shekara biyu na ajin ƙanana a cikin karatun dole kuma kyauta, kuma masu sauraronmu na zangon Kumasi da Accra shaida ne.

To amma shiga rabin ajin firamaren unguwarku ka ƙirga kawuna. A wurare da yawa za ka ninka ashirin da biyar ɗin nan sau uku ko huɗu. Malama ɗaya, ƙasa babu tabarma, babu ruwan sha, babu ban-ɗakin da ƙaramin yaro zai iya shiga. A irin wannan aji ko gwana ce sai ta koma tsawa, don ba yadda za ta yi. Kuma waɗanda suka karanci fannin, sau da yawa ba su ake turawa ajin ba. Sakamakon yana jiranmu a gaba. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi a shekara goma da haihuwa. Muna ganin abin a aji huɗu sai mu ɗora wa malamin aji huɗu laifi. Alhali ɓarnar ta faro tun shekara biyar baya.

Na san za a ce babu kuɗi. Firamaren ma rufinta na yoyo, ina ga rabin aji? Gaskiya ne, gini da ɗaukar ƙarin malamai sai da kuɗi, kuma wajibin gwamnati ne ta fitar. Amma akwai abin da ba ya cin ko sisi. Hedimasta ya ɗauki gwanar malamarsa ya kai ta rabin aji, nawa zai kashe? Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya binciko masu shaidar koyar da ƙananan yara ya mayar da su inda suka karanta, nawa ne? Murfin kwalba da yumɓu da rairayi da tatsuniya, a wace kasuwa ake sayen su? Abin da ya fi ƙaranci a nan shi ne ganin girman aikin.

Yanzu, iyaye 'yan'uwana, ku yi mini haƙuri, magana ta zo kanmu. Domin mu ma da hannunmu a ciki.

Mu ne muke zuwa ofishin mai makaranta rai a ɓace. “Wata uku yarona na zuwa, har yau bai iya rubuta ɗaya zuwa ɗari ba. Ɗan maƙwabcina kullum da aikin gida yake dawowa.” Mai makaranta na tsoron kar a cire yaro, sai ya matsa wa malama. Malama ta ajiye waƙa da tatsuniya, ta ɗauko alli ta cika allo. Aikin gida ya fara zuwa, shafi biyu, shafi uku. Wa ke yi? Yayarsa ce ke riƙe hannunsa da dare yana gyangyaɗi, ko ma ta rubuta masa gaba ɗaya. Ƙarshen zango a yi wa 'yan shekara huɗu jarrabawa, a ce wannan ya zo na ɗaya, wancan na talatin. Yaron da bai daɗe da daina shan nono ba a ce masa shi ne na ƙarshe. Wallahi wannan ba daidai ba ne. Sannan a ɗinka musu riguna da huluna a yi bikin yaye ɗalibai, mu biya kuɗin da zai ishi ajin littattafan hotuna na shekara guda.

Kuma kar mu ɗauka in mun kai yaro makaranta mun sauke nauyi. Awa uku ko huɗu yake yi a hannun malama, sauran yinin namu ne. Uwa ce malamar farko, wannan ba gardama. Ki yi masa magana kina tsintar shinkafa. Ki sa ya ƙirga miki tumatir. Maigida, in yaro ya dame ka da tambaya, ka amsa masa. Wayar hannu ba za ta yi mana wannan aikin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon allon waya ko talabijin, jariri kuwa kada a ba shi sam. Yaro a bakin mutum yake koyon magana, wanda zai faɗa masa ya kuma saurari amsarsa.

Ke kuma malama, da ke saurare na yanzu ƙafafunki na ciwo, muryarki ta dushe. Na san albashin bai taka kara ya karya ba. Na san kin share majina yau, kin wanke wanda ya ɓata wandonsa, kuma ba wanda ya ce miki sannu. To ni na ce sannu. Allah Ya saka miki da alheri. Roƙona gare ki, ki ajiye tsumagiyar. Ki san sunan kowane yaro. Ki bar su su yi magana fiye da yadda kike yi. In an buɗe wata bita ta horar da malamai, ki nemi a sa sunanki, kar ki ce ta manyan azuzuwa ce. In hedimasta ya ce zai kai ki rabin aji, kar ki ɗauka an rage miki daraja.

Shugabannin makarantu, da hukumomin ilimi na jihohi da ƙananan hukumomi, da masu makarantun kuɗi, zangon karatu mai zuwa in kun zauna rabon azuzuwa, ku fara daga ƙasa. Ku cike rabin aji da aji ɗaya da gwanayenku tukuna, sannan ku hau sama. Yaran da suka fi ƙanƙanta, ku ba su malamin da ya fi iya aiki. Ku kuma biya shi yadda zai zauna.

Mai sauraro, kai da ke da ɗa ko jika ko ƙane a ajin ƙanana, ina roƙonka abu ɗaya a makon nan. Ka je makarantar da kanka. Ka nemi izini, ka tsaya bakin taga minti goma sha biyar. Ka duba, yaran suna magana ko amshi kawai suke yi? Akwai abin da suke taɓawa da hannunsu? In yaro ya yi kuskure, me malama ke yi masa? In ka ga alheri, ka shiga ka gode mata a gaban hedimasta. In ka ga gyara, ka kai maganar taron iyaye da malamai, ko kwamitin kula da makaranta na unguwarku, ka tambaya a fili: wa ke koyar da ƙanananmu, kuma wane horo aka ba shi?

Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.